Rikodar Gwaggo ta yi kumburi

Gwaggo ce ta fara ganewa, ita da idonta ya yi rauni. Na shiga gaishe ta bayan la'asar, 'yan kwanaki da saukowar alhazai daga Mina, ta miƙo mini abin a tafin hannu ta ce, "Mai sunan Baba, taɓa ka ji. Rikodar nan zazzaɓi take yi."

Na karɓa na jujjuya. Akwai ɗumi kam, amma ba shi ya tsaya mini a rai ba. A kusurwar gilashin akwai baƙin tabo kamar an ɗiga tawada, kuma da na kwantar da ita a kan faranti sai na ga tana ɗan rausaya, ba ta zauna daram ba. Wani abu ne ke turowa daga ciki. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ai tun azumi in ta cire ta daga wuta ba ta kai ƙarshen izu guda take mutuwa, shi ya sa ta bar ta a jone dare da rana a bakin taga, inda soket yake. Bakin taga, a Makka, a watan Yunin 2024, watan da aka auna zafi ya haura digiri 51 a Harami. Ga Gwaggo ba ta shiri da esi, wai yana shiga mata gwiwa.

Abin da take kira rikoda iPod ce, 'yar na'urar ajiye sauti da saurare, samfurin da kamfanin Apple ya fitar a 2007, mai fuskar alminiyam da bayan ƙarfe mai sheƙi kamar madubi, an rubuta 80GB a jikinsa. Babban ɗanta, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo mata a Jidda a 2008. Ya zuba mata karatun Alƙur'ani izu 60, da tafsirin azumi na shekaru da dama, da 'yan waƙoƙin kalangu da na kukuma waɗanda har yau ba ta yarda tana ji ba. Waɗannan duk ana samunsu a waya yanzu, ba su suka hana ni barci a daren ba.

Wanda ya zauna ƙasar nan kafin wayar hannu ya san wasiƙar kaset. A can gida za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ajiye rikoda a tsakiya, a danna, kowa ya matso ya yi gaisuwa: wane ya yi aure, wance ta haihu, damina ta yi kyau, an rasa wane. Kana jin turmi a bayan magana, kana jin akuya. A naɗe kaset ɗin a leda a ba maniyyaci, shi kuma ya komo da amsa tare da dabino da zamzam. Gwaggo tana amarya ta baro ƙasar Kano da mijinta, ta ƙasa, suka bi ta Cadi suka shiga Sudan, suka tsinki auduga a Jazira har kuɗin jirgin ruwa ya taru. Ba ta sake ganin mahaifiyarta ido da ido ba. Muryarta kawai take da ita, a kaset 14. Su ne marigayi ya zauna ya juye cikin kwamfuta ya zuba a iPod. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, kaset ɗin kuma sun salwanta lokacin rusau, da muka kwashe kaya daga tsohuwar unguwarmu ta wajen Shari' Mansur. Wato muryar kakata a duniyar nan wuri ɗaya ta rage, kuma batir mai kumburi na jingine da shi.

Ni tela ne, ban taɓa buɗe ko agogo ba. Don haka shagunan gyara na fara zagawa, a Utaibiyya da Aziziyya. Tun 2016 da aka mayar da sayar da waya da gyaranta hannun 'yan ƙasa, tsofaffin hannun da suka san irin waɗannan kayan sun watse, matasan da ke kan teburan yanzu kuwa waya suka koya, kuma sun iya ta. Ɗaya ya ɗaga ta sama ya kira abokinsa ya zo ya gani, kamar an tono tsohon kwabo. Wani ya ce Apple ya daina yin wannan tun 2014, ya kuma rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022, in saya wa Hajiya jawwal, wato wayar hannu, in huta. Ban ga laifinsa ba, bai san Gwaggo ba. Ita ba da ido take sarrafa abin nan ba. Ta danna MENU sau huɗu ta san ta koma farko, sai ta zagaya yatsa a kan da'irar tana ƙirga ƙas-ƙas ɗin da ke fita, ta danna tsakiya. Ko tashin faifan ajiyar sauti da ke juyawa a ciki a tafin hannunta take jin sa, a nan take sanin ta farka. Gilashin waya kuwa ta ce sumul yake, ba shi da hanya.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta, shi ya bayyana mini abin da ke faruwa. Batirin lithiyam ne mai bolt 3.7, kuma tsufa yake ko ana aiki da shi ko ba a yi. Apple ma cewa ya yi bayan cikakken caji 400 abin da zai riƙe bai wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa ba, kuma kada a yi aiki da na'urar a zafin da ya haura digiri 35. Wannan shekara 16 yana shan caji a garin da 35 sanyin asuba ne in bazara ta kankama. Idan ya tsufa ya sha zafi, ruwan sinadarin da ke cikinsa sai ya fara lalacewa yana fitar da iska, jakar kuma a liƙe take ruf, sai ta tasa kamar fanke. A bayan gilashin yake zaune, shi ya sa tabon. Idan aka huda shi ko aka lanƙwasa, yana iya kamawa da wuta.

Ya ce, "Kawu, kafin ka taɓa komai mu kwashe abin da ke ciki." Wannan shawarar ita ce mafi tsada a duk aikin. Muka ɗora ta a tiren ƙarfe a kan tayil, ƙarƙashin esi, muka jona da laftof ɗinsa da wayarta ta asali mai faffaɗan baki. Na san jona batir mai kumburi ganganci ne, amma ba mu da wata ƙofa, sai muka zauna muka zuba mata ido kamar masu jinya. Ta fi rabin awa tana nuna alamar batir ya yi ƙasa ƙwarai kafin ta farfaɗo. Tana farfaɗowa iTunes, manhajar Apple ta zuba sauti a iPod, ya buɗe da wata tambaya da Turanci. Yaron ya janye hannunsa daga kwamfutar ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Tambaya yake ko ya goge komai ya daidaita ta da kwamfutata. Da na danna, shi ke nan." Sai da na ji gumi a bayana. Ya rufe shi, ya danne MENU da tsakiya har tambarin tuffa ya fito, sannan ya danne tsakiya da maɓallin kunnawa, sai ta bayyana a kwamfuta kamar filas. Kayan suna cikin ɓoyayyiyar folda mai suna iPod_Control, a rarrabe a wasu foldoji F00, F01, haka har ƙasa, kowane sauti da sunan haruffa huɗu marasa ma'ana. Sau biyu tana yankewa muna sakewa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya gama, ya yi kwafi biyu.

Sai neman batir. A bayan rikodar akwai lamba A1238, na ba yaron ya nema a intanet, muka ga guda biyu, ɗaya an rubuta 580 mAh, wato awon cajin da yake ɗauka, ɗaya 850. Na ce wa zai bar babba ya ɗauki ƙarami? Kwana 9 ya iso, na biya, na buɗe, na ɗora shi a gefen rikodar, jikina ya yi sanyi. Ashe lambar nan ba ta bambance komai. A 2007 iri biyu aka fitar da lamba ɗaya: mai 80GB kaurinta milimita 10.5, mai 160GB kuma 13.5, kowacce da batirinta. Mai kaurin ba zai zauna a siririyar ba, in ma ka danna shi da ƙarfi, gilashin zai sake tokara. Shekara 25 ina ce wa mutane kada su aiko mini da awo ta waya, su zo in auna da hannuna, sai ga ni na sayi kaya ba awo, tef kuma na rataye a wuyana. Yaron ya ce akwai masu cire faifan su sa katin memori a madadinsa, wuri ya samu, caji ma ya ƙara daɗewa. Na ce a'a. Wanda ya cire faifan nan ya cire motsin da Gwaggo ke ji a hannu.

Ranar da na shiga Jidda sarin yadi a Balad, na biya ta Shari' Falasdin inda kasuwar waya take. A shago na biyar ko na shida na samu wani saurayi da ya gane ta da gani ɗaya, ya ce ta babansa irin ta ce. Ya ce zai samo mini siririn cikin mako, amma shi ba zai buɗe ba, don ba a buɗe wannan a bar bayanta lafiya, kuma ba ya son rigima da dattijo. Ya zana mini a bayan rasit inda haɗarin yake, ya ce in kula da falata. Na ce wace Fallata? Ya yi dariya har da buga tebur. Ashe siririyar wayar nan mai faɗi kamar zirin leda, wadda masu gyara a gida ke ce wa fileks, ita Larabawa masu gyara, musamman Misirawa, ke kira haka, kuma a rubuce daidai take da Fallata, sunan da ake kiran mutanenmu da shi a nan da Sudan. Na ce to, in dai Fallata ce ai 'yar gida ce, ba za mu ɓata ba. Da na sani ban yi wannan alfaharin ba.

Da batirin ya zo sai da ya ɗora masa mita a gabana, ya nuna 3.8, na shafa shi na ji a shimfiɗe yake ba tudu. Riyal 60 na ba shi. Wannan gwajin ya kamata kowa ya nema, don irin batiran nan wasu sun shekara da shekaru a sito, sabo ne a leda amma tsoho ne a ciki.

Daren Alhamis bayan isha na ja ƙofar shago, na share teburin yanka, na shimfiɗa farin ƙyalle don kada ƙaramin abu ya faɗi ya ɓace. Na ajiye gwangwanin madara cike da yashi a gefe saboda ko ta kwana. Kayan aikina: 'yan robobi biyu masu baki kamar farce da suka zo tare da batirin, tsohon katin banki, hantsaki, da faffaɗan ƙarfen nan da masu fenti ke shafe bango da shi, wanda a nan ake ce wa sikkinat ma'ajun. Na tura makullin sama ya nuna ruwan lemo don kada ta kunna kanta a hannuna, na yi bisimilla.

Ba sukuru ko ɗaya a wajenta. Ƙugiyoyin ƙarfe 13 ne suka riƙe fuska da baya daga ciki, kuma ba ka ganinsu, lalube kake. Samfurin 2005 mai fuskar roba an ce da farce ma ana iya ɓamɓare shi. Wannan ƙarfe ne ya ciji ƙarfe. Haɗin ya matse har takarda ba ta shiga. Robar farko ta karye cikin minti 5, ta biyu bakinta ya tauye kamar an tauna. Na fi minti 40 ban samu ko kafar allura ba, yatsuna sun yi ja, na fara tunanin ko in mayar mata da abinta haka, ta ci gaba da ji a jone har ranar da Allah ya yi.

Abin da ya cece ni sana'ata ce. Mai farke ɗinki ba ya jan yadi, zare ɗaya yake nema, in ya samu sauran su biyo. Na daina zagaye, na tsaya wuri ɗaya a gefen dama, ƙasa da tsakiya, na dinga cusa guntun robar a hankali har ta ɗan shige, na bar ta a ciki ta riƙe mini ƙofa. Sai na zura ƙarfen masu fenti a kafar, kamar milimita 3 kawai. In ka wuce haka ka shiga cikin kayan ciki, ga kuma wasu siraran ƙarafa a jikin bayan da ba a so a tankwara. Ba ɓamɓarowa ake ba, wannan ne kuskuren da na yi ta yi da farko. Tura leɓen bayan ake waje kaɗan, ƙugiyar ta saki da kanta. Da ta farko ta ce ƙas, sai da na ajiye komai na sha ruwa. Na soka guntun kati a wurin don kada ta koma, na matsa gaba. Ta biyu, ta uku. A kusurwar ƙasa ƙarfen ya zame ya yanke ni a babban yatsa, na ɗaure da ƙyallen atamfa na ci gaba. Kusurwoyi su ne masu taurin kai, na saman kusa da ramin iyafis kuwa na bar su ƙarshe, don a nan wayoyin suke. Ƙarfe 11 da rabi ta saki gaba ɗaya. Leɓen bayan ya yi 'yan tudu biyu, ga ƙarzuwa a gefen fuska.

Nan ne wurin da hannu ke son ya buɗe ta kamar littafi, kuma nan ne ba a yi. Falata biyu ne masu ruwan lemo suka haɗa bayan da fanel, wato allon da kayan lantarkinta ke kai. Na ɗaga kaɗan, kamar faɗin yatsa, na leƙa da fitilar waya. Ta batir tana shiga wata 'yar sakata a ƙasan fanel. Sama ake jan sakatar, milimita 2 kacal, ba a cire ta. Wanda ya ja da ƙarfi zai tumɓuke gidan gaba ɗaya daga fanel, daga nan kuma sai mai walda. Na sa bakin roba na ɗaga kamar mai cire ƙaya, wayar ta zame ta fito. Na kwantar da bayan a gefe. Ta biyun, ta ramin iyafis, tana ƙarƙashin faifan, sai ka ɗaga shi ka ga nata maƙalin. Faifan ɗan ƙarami ne, inci 1.8, da roba a gefunansa saboda girgiza. Na riƙe shi a hannu na ɗan jima. Kakata tana ciki.

Batirin yana manne da gam a jikin bayan, ya tasa kamar matashin jariri, yana wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi irin na abin goge farce. Ƙarfe ba ya zuwa kusa da shi, wannan na kiyaye. Na ɗiga sifirit a gefe don gam ya saki, na zura katin banki ina turawa. Ya fara ɗagowa. A nan ne shaiɗan ya zo. Dare ya yi, yatsa na zafi, na ga saura kaɗan, sai na tura katin da ƙarfi sau ɗaya don in gama. Batirin ya fita lafiya, na jefa shi cikin yashi. Amma na ji wani ɗan sauti, ƙit, kamar zare ya tsinke a keke. Falatar iyafis ta ƙarƙashin batirin take bi, a manne da gam ɗin, daidai inda saurayin ya zana mini a bayan rasit. Na yage ta fiye da rabi.

Na yaudari kaina na ce wataƙila za ta yi. Na jona sabon batir, na mayar da sakata, na jona yagaggiyar, na danna. Tuffa ta fito, haske ya kawo tas. Na zaɓi sura, na ga lokaci na tafiya, daƙiƙa 1, 2, 3. Na sa iyafis a kunne. Shiru. Na canja wani, shiru. Rikoda ta tashi, amma bebiya.

Da safe na je na faɗa mata, ban ɓoye ba. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "Ka kashe ta ke nan?"

"A'a Gwaggo, da ranta. Jijiya ɗaya na tsinka."

"Garin neman gira," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana 12 muka yi muna jiran sabuwar falata. Tare take zuwa da ramin iyafis da makullin sama, abu ɗaya ne, kuma ita ma akwai ta siririya akwai ta mai kauri. Wannan karon sai da na auna da tef na kuma aika hoto. A tsakanin, yaron ya zuba mata kaset ɗin a wata tsohuwar waya. Kwana biyu ta dawo da ita. Ta ce tana cikin jin Inna wani ya kira yana neman mai gyaran famfo, kuma komai ya cakuɗe, tafsiri na bin kalangu. Rikodar kuwa tana cikin kwalin zare a shagona, a buɗe, na lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, kullum in na ɗauko zare sai mun haɗa ido.

Aiki na biyu da rana na yi shi, ranar Juma'a da hantsi, bayan na karya da ful da tamis na kuma yi barci isasshe. Sukurori huɗu ne ƙanana kamar ƙwayar riɗi suke riƙe da ramin da makullin, na aro siririyar sukundireba wurin mai gyaran tabarau, na ɗora kowanne a kan maganaɗisun da nake tsince allura da shi, a jere yadda na cire su, don ba duka ne iri ɗaya ba. Wurin da ya ɗan wahalar da ni shi ne daidaita ɗan harshen makullin da abin turawa na waje. In bai shiga ba, za ka tura ka ji yana yawo. Na shimfiɗa falatar a hanyarta, na manna batirin a kanta da gam mai fuska biyu, ɗan kaɗan, saboda wanda zai zo bayana, ko da ni ne.

Kada ka rufe sai ka gwada, don rufewar sau ɗaya ce, kuma ba wanda ke son sake faɗa da ƙugiyoyi 13. Na bar ta a buɗe na gwada komai: kunnen dama, kunnen hagu, makulli, da'ira, caji. Da ƙira'a ta fito a kunnena sai da na ce alhamdulillahi da ƙarfi, maƙwabcina mai wanki ya leƙo. Sannan na zauna da filaya na miƙe ƙugiyoyin da suka tanƙware ɗaya bayan ɗaya, na kwantar da leɓen bayan a kan ƙyalle na murza shi a hankali har tudun ya ragu. Na haɗa, na bi gefe-gefe da yatsa ina dannawa, ƙas, ƙas, ban taɓa kan gilashi ba. Ta rufe, sai dai kusurwa ɗaya da farce ke ɗan kamawa.

Awa 4 ta yi a wuta ta cika, kamar yadda aka ce tana yi tun tana sabuwa. Na cire na kunna karatu na ajiye ta a shago ina ɗinki. Apple ya yi mata alkawarin awa 30 a zamaninta. Tawa ta yi yini ta kwana, washegari da azahar tana nan tana karatu da sauran caji, na ce ya isa shaida. Agogonta kawai ya rikice, na saita. Baƙin tabon ya dushe cikin 'yan kwanaki, amma inuwarsa na nan in ka karkata ta. Tsohon batirin na naɗe bakinsa da baƙin tef na masu lantarki, na bar shi cikin yashinsa har na sake shiga Jidda na miƙa wa saurayin nan, yana tara irinsu. Ba a jefa shi a shara, motar shara matse kaya take yi. Mai kaurin da na saya bisa kuskure yana cikin durowa har yanzu, ban samu mai 160GB ba.

Kafin in kai mata sai da na sayi doguwar waya na jawo wuta daga bakin taga zuwa gefen gadonta, inda rana ba ta kaiwa, na kuma roƙe ta in ta cika a cire. Ta ce ta ji. Na sa mata rikodar a hannu. Ba ta kunna ba tukuna, sai da ta bi gefen da babban yatsa, a hankali, har ta iso kusurwar nan ta tsaya.

"Nan ka ji mata ciwo."

"Nan ne, Gwaggo."

Ta sa iyafis ɗaya, ta danna MENU sau huɗu, ta zagaya yatsa leɓenta na motsi, ta danna, ta sake zagayawa. Ta jira har faifan ya motsa a hannunta. Sai ta miƙo mini ɗaya kunnen ta ce in matso. Shuuu irin ta tsohon kaset, zakara ya yi cara can nesa, sai muryar tsohuwa tana sallama, tana gaida mutanen Makka da ɗai-ɗai da ɗai-ɗai. Ta ce gero ya yi kyau bana. Ta ce matar ƙaninki ta sauka lafiya, an samu namiji, jiya aka yi suna, an mayar da sunan Malam. A bayanta wani jariri na tsala ihu, wata na cewa a miƙo shi nan.

Gwaggo ta ce, "Ka ji ka. Tun ranar ba ka da haƙuri."

Ta zare iyafis ɗin daga kunnena ta mayar nata, ta gyara filo. "Tashi ka je ka buɗe shago, mutane na jiran ɗinkinsu."